Yadda Ake Auna Mai Wa'azin Waya Kafin A Bi Shi: Jagora Ga Masu Bi Da Ke Aiki A Saudiyya

'Yan'uwa masu bi da suke aiki a Riyad da Jidda da Dammam sun daɗe suna yin tambaya iri ɗaya, ko da yake kowa da yadda yake ƙulla tasa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce an saka ta a wani zauren addu'a na WhatsApp ba tare da an nemi izininta ba, yanzu kuma shugaban zauren yana cewa ya ga wani abu a kanta cikin wahayi. Wani direba ya ce akwai wani mai wa'azi da yake saurara a Facebook duk daren Alhamis, maganarsa tana ratsa shi, amma kowane wa'azi da lambar asusun banki yake ƙarewa. Abin da suke so su sani shi ne yadda mutum zai gane ko wannan bawan Allah ne ko ɗan kasuwa.

Dalilin da tambayar ta fi tsanani a nan sananne ne. Babu majami'a a fili a ƙasar nan, Lahadi ranar aiki ce, kuma dattawan da a gida sukan tantance baƙon mai wa'azi kafin su ba shi bagade ba su biyo mu ba. Waya ce ta zama majami'ar yawancinmu, ita kuwa waya ba ta da mai tsaron ƙofa. Aikin da dattawa suke yi a Kafanchan ko Biliri ko Mubi ya dawo kan kowane mai bi shi kaɗai a ɗakinsa. Ga matakan da za a bi, kuma jerinsu yana da muhimmanci, domin yawancin waɗanda aka cuta sun fara ne daga ƙarshe: sun tura kuɗi, sun faɗi asirinsu, sannan suka zo suna tambaya.

Abin da za ka tanada

Kana bukatar Littafi Mai Tsarki cikakke, na takarda ko na waya. Manhajar YouVersion kyauta ce kuma tana da fassarar Hausa, sai dai ka sauke fassarar cikin wayar don ta buɗe ko babu intanet. Kana bukatar ƙaramin littafin rubutu da biro, da lambar wayar faston ikilisiyarku ta gida ko ta wani dattijo da ya san ka, da kuma wani mai bi guda ɗaya mai natsuwa wanda za ku riƙa duba abin tare. Sai lokaci: ka ba kanka kamar mako huɗu, ka saurari wa'azi cikakke aƙalla huɗu ko biyar, daga farko har ƙarshe. Guntun bidiyo na minti biyu da ake turawa bai isa a yanke wa kowa hukunci ba, ko na yabo ko na zargi.

Kuɗin da aikin zai ci shi ne na data da na kiran gida. Idan a wani mataki aka ce sai ka biya kafin ka ji koyarwa ko kafin a yi maka addu'a, ka rubuta wannan a littafinka, domin ya riga ya zama shaida.

Mataki na 1: Ka dakatar da komai tukuna

Kafin ka gama aunawa, kada ka tura ko riyal ɗaya, kada ka aika hoton iƙamarka (katin izinin zamanka a ƙasar nan) ko fasfonka, kada ka faɗi sunan kafilinka (wanda ya ɗauke ka aiki, izinin zamanka yake ƙarƙashinsa) ko adireshin inda kake aiki, kada kuma ka buɗe masa cikinka game da aurenka ko bashinka ko wani zunubi da ka taɓa yi. Idan ya matsa, amsa ɗaya ta isa: "Na gode, bawan Allah, zan yi addu'a a kai."

Wasu suna jin tsoron cewa yin haka rashin bangaskiya ne ko raina shafaffe. Umarni ne kuwa. 1 Yahaya 4:1 ta ce kada mu gaskata kowane ruhu, sai mu gwada su, domin annabawan ƙarya da yawa sun fito duniya. Mutanen Biriya ma Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi, duk da haka suka riƙa bin Littattafai kowace rana don su ga ko haka abin yake, kuma an yabe su a kan hakan (Ayyukan Manzanni 17:11). Abin da Bulus ya jure, babu mai wa'azin yau da ya fi ƙarfinsa.

Gargaɗi: gaggawa ita ce babban makamin macuci. "Ƙofar za ta rufe da ƙarfe goma sha biyu na dare," "mutum bakwai kaɗai Ubangiji ya nuna mini." Duk wanda ya hana ka lokacin tunani ya san abin da tunanin zai tono.

Mataki na 2: Ka rubuta ayoyinsa, ka karanta su a muhallinsu

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi amfani. Yayin da kake saurare, ka raba shafi gida biyu. A hagu ka rubuta kowace aya da ya ambata, a dama ka rubuta abin da ya ce ayar tana nufi. Bayan ya gama, ka buɗe kowace aya, ka karanta surar gaba ɗaya, ka tambayi kanka abu uku: wa yake magana, da wa yake yi, kuma a kan me. Mai sayen hatsi ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya cusa hannu har ƙasa.

Ga waɗanda za ka fi cin karo da su. Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin alheri da yake da shi, akan karanta wa mutanen da ke ƙetare ita a matsayin alkawarin cewa wahalarsu za ta ƙare bana. Ka koma aya ta 4 ka sauko. Wasiƙa ce zuwa ga Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, an ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, domin sai bayan shekara 70 za su koma. Aya ta 8 da ta 9 kuwa kashedi ne a kan annabawan da ke cikinsu masu yi musu mafarkin daɗi. Wato surar da ake jawowa don a sayar maka da saurin buɗi ita ce take gargaɗi a kan masu sayar da shi.

Luka 6:38, "ku bayar, za a ba ku", tana biye da aya ta 37 wadda take magana a kan hukunta mutane da yafe musu, kuma dukan sashen a kan jinƙai ne har ga maƙiyi. Misalin mai shuka da ake kafa "shuka iri" a kansa, wato ba mai wa'azi kuɗi don Allah ya ninka, Yesu da bakinsa ya fassara shi a Markus 4:14: irin Maganar Allah ce. Filibiyawa 4:13 Bulus ya rubuta ta yana ɗaure, kuma aya ta 12 ta nuna abin da yake nufi da iya kome, wato ƙoshi da yunwa, yalwa da rashi. Zabura 105:15 kuma, "kada ku taɓa shafaffuna", tana ba da labarin yadda Allah ya kāre su Ibrahim da Ishaku da Yakubu daga sarakuna sa'ad da suke baƙi 'yan kaɗan. Ba ta hana kowa yi wa fasto tambaya ba.

Gargaɗi: yawan jawo aya ba shaidar gaskiya ba ce. Iblis ma ya jawo Zabura 91 sa'ad da yake gwada Ubangiji (Matiyu 4:6). Haka kuma kuskure a aya ɗaya bai mai da mutum annabin ƙarya ba, domin babu faston da bai taɓa zamewa ba. Abin da kake nema shi ne inda kurakuran suke karkata. Idan duk lokacin da ya murɗe aya, murɗiyar tana ƙarewa ne a aljihunsa ko a girmansa, to ba tuntuɓe ba ne.

Mataki na 3: Ka saurari abin da yake faɗa game da Yesu da ceto

Bayan wa'azi huɗu ko biyar, ka duba littafinka ka amsa waɗannan. Ya taɓa faɗa a sarari cewa Yesu Almasihu Ɗan Allah ne da ya zo cikin jiki, ya mutu domin zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku, kamar yadda 1 Korantiyawa 15:3-4 ta shimfiɗa? Ceto a bakinsa kyautar Allah ce ta wurin bangaskiya (Afisawa 2:8-9), ko kuwa akwai abin da ake ƙarawa, kamar mansa, ko ruwansa, ko zama a ƙarƙashin inuwarsa? Yana kiran mutane ga tuba daga zunubansu, ko kuwa kullum matsalar daga waje take, daga kishiyar uwa da maƙiyan gidan uba? Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da muke karantawa a gida ma'auni ce mai sauƙi: ka bi ta layi layi ka ga ko akwai inda koyarwarsa ta kauce.

Wata dabara mai amfani ita ce ka ƙirga, a wa'azi ɗaya, sau nawa ya ba da labarin abin da Yesu ya yi da sau nawa ya ba da labarin abin da shi ya yi. Ba sai an yi maka bayanin sakamakon ba.

Gargaɗi: macuci ba ya musun sunan Yesu, yana ma kiransa fiye da kowa. Abin da yake yi shi ne ya tsaya a tsakani, har ka ji kamar addu'arka ba ta wuce rufin ɗaki sai ta bi ta wayarsa. Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane (1 Timoti 2:5). Wanda ya kawo wata bishara dabam, Galatiyawa 1:8 ba ta bar masa mafaka ba, ko da mala'ika ne. Idan ya faɗi a wannan mataki, babu bukatar ka ci gaba zuwa sauran.

Mataki na 4: Ka bincika wanda yake bisansa

Ka tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi: "Baba, a wace ikilisiya aka yi maka baftisma, wa ya naɗa ka, kuma wa yake da ikon tsawata maka idan ka yi kuskure?" Mai gaskiya zai amsa da sunan wuri da na mutane, ba tare da ɓacin rai ba. Bulus da Barnaba ikilisiyar Antakiya ce ta ɗora musu hannu ta sallame su, can kuma suka koma suka ba da rahoto (Ayyukan Manzanni 13:1-3 da 14:26-27).

Sannan ka tabbatar da amsar. Idan ya ce shi na ECWA ne, akwai DCC, wato majalisar ikilisiyoyin gundumarsu, da ta san shi. Idan na COCIN ne, akwai RCC, majalisar ikilisiyoyin yankinsu. Angalika da Katolika da LCCN suna da diyosis. EYN da HEKAN da Baptis duk suna da ofisoshin da ke riƙe da sunayen ma'aikatansu. Idan ya ce ya yi karatu a makarantar tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, ko ta JETS a Jos, ko ta Kagoro, faston gidanku zai iya gano gaskiyar da kira ɗaya ko biyu. Ka tura wa faston naku wa'azi ɗaya cikakke ya saurara, ka tuna kuma cewa agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa 2 kafin ka kira shi. Wasu lokutan amsar da za ta dawo ita ce an dakatar da mutumin a gida shekarun baya, shi ya sa ya koma wa'azin waya ga mutanen da ba su san tarihinsa ba.

Gargaɗi: takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana nuna cewa an yi wa ƙungiya rajista a Nijeriya ne kawai, hukumar ba ta auna koyarwa. Yawan mabiya a Facebook ma ana iya sayensa. A ɗaya ɓangaren kuma, rashin zama a babbar ɗarika ba laifi ba ne, akwai amintattun bayin Allah a ƙananan ikilisiyoyi masu zaman kansu. Tambayar dai ita ce ko akwai mutanen da za su iya ce masa "a'a" ya ji. Wanda ya ce Allah kaɗai yake ba wa lissafi ya gaya maka cewa babu su.

Mataki na 5: Ka bi sawun kuɗin

A fara da adalci: ma'aikacin bishara ya cancanci a tallafe shi (1 Korantiyawa 9:14), kuma ambaton baiko ba zunubi ba ne. Abin da ake dubawa shi ne yadda ake nema da inda kuɗin yake sauka.

Ka duba sunan da ke kan asusun. Na ikilisiya ne mai masu sa hannu fiye da ɗaya, ko na shi kansa, ko na matarsa? Ana karanta rahoton kuɗi kamar yadda ma'aji yake yi a gida? Sa'ad da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai riƙe jakar shi kaɗai ba, ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa, har da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Sai ka duba ko akwai farashi. Idan addu'ar sabunta iƙama tana da nata kuɗin, ta samun miji tana da nata, ta karya la'anar gida kuma ta fi tsada, ka karanta abin da Bitrus ya gaya wa Saminu mai sihiri sa'ad da ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah (Ayyukan Manzanni 8:18-20), ka kuma tuna cewa Elisha ya ƙi karɓar kome daga hannun Na'aman, Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa kuwa da kuturta ya ƙare (2 Sarakuna 5).

Abin da ya fi ciwo a nan shi ne kuɗin da ake karɓa ba rara ba ne. 'Yar'uwar da take wankau da goge-goge tun asuba har tsakar dare a gidan mutane, ranar da albashi ya shigo ta riga ta raba shi a zuciyarta: kuɗin makarantar yara, maganin mahaifiya, bashin wakilin da ya yi mata hanya. Sai a ce mata ta shuka albashin watan gaba ɗaya domin Allah ya ninka. Yesu ya yi magana a kan wannan sak a Markus 7:9-13, inda ya tsawata wa malaman da suke koya wa mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya zama na Allah. 1 Timoti 5:8 kuma ta ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. A ganina, mai wa'azin da ya san kana da bashi da marayu a wuyanka ya kuma karɓi albashinka ya riga ya ba ka amsar da kake nema.

Gargaɗi na musamman ga mazauna ƙasar nan: tara gudummawa ba tare da izinin hukuma ba laifi ne a Saudiyya. Kada ka yarda a mai da kai ma'ajin zaure, mutane su riƙa zuba kuɗi a asusunka kana turawa Nijeriya. Banki yana lura da kuɗin da ya wuce albashin da ke kan iƙamarka, kuma ranar da aka tambaya, kai za ka amsa, mai wa'azin yana can gida. Idan za ka ba da zakkarka ko baikonka, ka tura daga albashinka, da sunanka, ta hanyar da doka ta sani, zuwa asusun ikilisiyar da ka sani.

Mataki na 6: Ka rubuta annabcinsa da kwanan wata

Duk abin da ya ce zai faru, ka rubuta shi da kalmominsa da ranar da ya faɗa. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ba da ma'auni: idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 za a karya karkiyar Babila, jama'a suka ji daɗi, amma ƙarya ce (Irmiya 28). A zamaninmu Harold Camping na Amurka ya sa ranar 21 ga Mayu 2011 a matsayin ranar shari'a, mutane suka kashe dukiyarsu a kan tallar ranar, alhali Matiyu 24:36 tana nan tun tuni. Rubutun yana da amfani domin ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mantuwa takan ƙara masa tsawo. Idan lokaci ya wuce aka ce rashin bangaskiyarka ne ya hana, ko ba ka cika alkawarin kuɗi ba, ka gane cewa an shirya wannan mafita tun farko.

Ka lura kuma da annabcin da zai dace da kowa. "Akwai wata a nan da uwar ɗakinta take wulaƙanta ta, akwai wanda aka riƙe masa albashi, akwai wanda ake cin kuɗin da yake turawa gida." A zauren da ke cike da ma'aikatan ƙetare, wannan ba ya bukatar wahayi. Sunan ƙauyenku da na mahaifiyarka kuwa suna iya kasancewa a shafinka na Facebook, ko a bakin wanda ya saka ka a zauren.

Ko abin ya faru ma, aikin bai ƙare ba. Maimaitawar Shari'a 13:1-3 ta ce alama tana iya cika, amma idan mai ita yana janye ka daga Ubangiji, kada ka saurare shi, kuma Matiyu 7:22-23 ta nuna masu annabci da al'ajibai da za a ce musu ba a taɓa saninsu ba. Shi ya sa wannan mataki yake bayan na 2 da na 3.

Gargaɗi uku a nan. Na farko, kada ka daina shan maganin hawan jini ko na sukari ko wani magani don an ce ka warke. Ka je asibiti a gwada, likita ya faɗa. Kada kuma ka shiga azumin da ba shi da iyaka a zafin ƙasar nan kana aikin ƙarfi. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono gawa fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, wanda ake tuhuma da koya musu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Na biyu, kada ka karɓi kwalbar mai, ko gishiri, ko ƙyalle, ko wani ƙulli da aka ce ka yayyafa ko ka ɓoye a gidan da kake aiki. Sihiri babban laifi ne a dokar Saudiyya, an sha kama masu aikin gida a kan zarginsa, kuma ranar da uwar gida ta ga ƙulli a ƙarƙashin katifa, ba za ta tsaya jin cewa man addu'a ne ba. Na uku, kada ka gudu daga wurin aiki don wani ya ce ya ga buɗinka a wani gari. Idan kafili ya kai rahoton hurub, wato cewa ka gudu daga aiki, zamanka yana iya zama na ɓoye. Wanda ake zalunta yana da hanyar ƙara a Ma'aikatar Ƙwadago ta lamba 19911, masu aikin gida suna da Musaned, dandalin gwamnati na harkokin masu aikin gida, akwai kuma ofishin jakadancin Nijeriya a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda.

Mataki na 7: Ka duba yadda yake bi da mutane

Daga nesa ba za ka ga gidansa ba, amma za ka ga zaurensa. Ka lura da abin da yake faruwa da wanda ya yi tambaya: ana amsa masa, ko ana cire shi a kuma yi masa baki? Diyotarifis haka yake yi, yana son shugabanci yana korar mutane daga ikilisiya (3 Yahaya 9-10). Ka lura ko yana raba mutane da iyalansu da ikilisiyarsu ta gida, yana cewa mahaifiyarka ce take daƙile ka, ko fastonku ba shi da wuta. Sharuɗɗan shugaba a 1 Timoti 3:1-7 kusan dukansu na hali ne: kamun kai, sauƙin hali, rashin son kuɗi, iya riƙon gida.

'Yan'uwa mata, ku yi hattara da mai barin zaure ya biyo ku ta saƙon sirri da dare, yana neman kiran bidiyo domin "addu'a ta musamman", ko hoton wani sashe na jiki da za a yi wa addu'a. Ku rufe shi nan take, ku adana saƙonnin, ku gaya wa wata babba a zumuntar mata. Abin da ya karɓa yau da sunan addu'a, da shi zai yi muku barazana gobe.

Mataki na 8: Ka yanke shawara, ka fita da tsabta

Ka zauna da abokin binciken naka ku duba littafin. Sakamakon yakan kasu uku. Akwai wanda bambancinku da shi na ɗarika ne kawai, kamar yadda ake baftisma ko salon sujada. Wannan ɗan'uwa ne, Romawa 14 ta isa. Akwai mai gaskiya wanda iliminsa bai cika ba, kamar Afolos da Bilkisu da Akila suka ja gefe suka ƙara fayyace masa (Ayyukan Manzanni 18:26). Wannan a rubuta masa a keɓe, da aya, a ga yadda zai karɓa. Akwai kuma wanda ya murɗe bishara ko ya mai da ita kasuwa, shi kuwa umarnin shi ne a rabu da shi (Romawa 16:17).

Fitar ba ta bukatar hayaniya. Ka bar zauren, ka rufe lambarsa, ka gaya wa wanda ya kawo ka dalilinka tare da ayoyin da ka rubuta. Idan ya yi maka barazanar la'ana, Karin Magana 26:2 ta ce la'anar da ba dalili ba ta sauka. Alkawarin kuɗin da aka tatsa daga bakinka da tsoro, ka kai shi gaban fastonku na gida ya ba ka shawara. Idan an karɓi kuɗinka da yaudara, ka adana rasit da saƙonni, wani naka a gida ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, amma kada ka sa rai da yawa cewa zai dawo.

Gargaɗi: kada ka hau intanet kana zagi da kiran suna. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan tana hukunta ɓata suna, muhawarar addini a fili kuma tana iya jawo maka abin da ba ka nema ba. Ban da haka, zargin shugaba sai da shaidu biyu ko uku (1 Timoti 5:19). Ka faɗi abin da ka gani da idonka ga waɗanda abin ya shafa, ka tsaya nan.

Mataki na 9: Ka cike gurbin da biyayya

Wanda ya fita daga hannun wani macuci bai sa kome a wurin ba, yakan faɗa hannun na gaba cikin 'yan watanni, domin abin da ya kai shi tun farko yana nan: kaɗaici, tsoro, da son a gaya masa gobe. Akwai kuma haɗarin zama mai farautar kuskure kawai. Ikilisiyar Afisa ta gwada manzannin ƙarya ta gane su, aka yaba mata, duk da haka aka ce ta bar ƙaunarta ta fari (Wahayin Yahaya 2:2-4).

Ka tsai da lokacin karatu da ya dace da aikinka, ko da minti goma sha biyar ne kafin a tashi a gidan ko bayan ka sauka daga aikin dare. Ka ɗauki littafi ɗaya ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe, ka fara da Markus, sannan 1 Bitrus, wadda aka rubuta wa masu bi da ke zaman baƙunci. Kowace rana ka rubuta abu ɗaya da nassin ya ce a yi, ka yi shi kafin ka kwanta, domin Yakubu 1:22 ta ce mai ji kawai kansa yake yaudara.

Yawancin nufin Allah a gare ka a ƙasar nan an riga an rubuta shi, ba ya jiran annabi. Ka yi aikinka da gaskiya ko ana kallo ko ba a kallo (Kolosiyawa 3:22-23), kada ka taɓa canjin cefane ko man mota, kada ka yi ƙarya a takarda. Ka riƙe alkawarin aurenka duk nisan da ke tsakani. Ka biya bashin da ka ci, ka tura wa iyali abin da ka ce za ka tura. Ka girmama dokar ƙasa da maƙwabtanka Musulmi, har da Hausawan da ka tarar a nan, a azuminsu da lokutan sallarsu. Biyayya ga mai gida tana da iyaka: idan aka ce ka yi abin da yake zunubi, ka ƙi cikin ladabi kamar Daniyel, neman albashinka da aka riƙe ta hanyar hukuma kuma ba tawaye ba ne.

Kada ka yanke igiyar gida. Ka roƙi fastonku ya riƙa turo maka wa'azin Lahadi ta saƙon murya, ka saurara ranar Juma'a idan kana hutu, ka kuma sa rana ɗaya a wata da za ka kira shi ko wani dattijo ka ba da labarin yadda kake tafiya, har da inda ka kāsa. Idan kuna haɗuwa ku biyu ko uku domin addu'a, ku yi shi a keɓe cikin natsuwa, ba da lasifika ba, ba ɗaukar hoto, ba karɓar kuɗi, kuma duk sabon mai koyarwa da wani zai kawo, ko a ɗaki ko a waya, a fara da shi daga mataki na 1.